Ƙafafun Motar Yaya Sufyanu

Ni dai tun farko ban ga laifin ƙafafun da motar nan ta zo da su ba. Baƙaƙe ne, suna juyawa, suna kai mutum inda za shi. To me kuma ake nema a wurin taya? Amma je ka faɗa wa Yaya Sufyanu haka a lokacin, ka ga yadda zai dube ka kamar ka zagi kakansa.

Sunana Hannatu, ni nake bi masa. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi a Bukkuyum, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Innarmu. Shi Yaya Sufyanu shi ne ɗan farinta, kuma ka san kunyar ɗan fari a wurin tsofaffinmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. "Yaron Labbo" take ce masa, domin ana yaye shi aka kai shi Gummi wurin yayanta, Kawu Labbo, shi ya rene shi har ya zama mutum. Ga furfura ta fara fito masa a gemu, ga 'ya'ya har da mai shirin aure, amma har gobe yaron Labbo ne. In ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska wajen murhu. Yana zaune a kan tabarma, hannu zai iya miƙawa ya taɓa ta, amma sai ta ce da ni, "Hannatu, tambayi yaron Labbo ko ya ci abinci." Ni ce wayarsu tun kafin a kawo waya garin nan.

Shi kuwa Kawu Labbo tsohon direban babbar mota ne. Ya ci hanyar Sakkwato, ya ci ta Kwantagora, har ƙugunsa ya gaji ya ajiye. Magana ɗaya gare shi da duk wanda ya taɓa zama kusa da shi ya haddace: "Mota ƙahwa ce, saura duk kwalliya." A shekarar da nake ba ka labari ciwon ƙirji ya kwantar da shi tun farkon damina. Inna kuma rabonta da shi an daɗe, saboda gwiwoyinta ba sa jure matsin motar haya, inda ake cusa mutum huɗu a mazaunin mutum uku a ɗora masa akuya a cinya. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Ba ta faɗa, amma duk wanda ya dube ta ya san Gummi zuciyarta take.

Ana cikin haka Allah ya buɗa wa Yaya. Wake yake saye a kasuwarmu yana lodawa Kudu, sai aka yi shekaru biyu a jere kasuwa ta yi masa kyau. Ran nan da hantsi sai ga shi da mota salun, 'yar Kwatano, ruwan toka, ya tsayar da ita a ƙofar gidan Inna. Unguwa ta fito kaf. Nan gaban kowa ya dafa kan motar ya ɗaga murya don ta ciki ta ji.

"Wallahi tallahi," in ji shi, "daga yau Inna ta gama shiga motar haya! Kuma ba mai zama a kujerar bayan nan kafin ita. Gummi za mu fara zuwa, Kawu ya sa mata albarka."

Mata suka yi guɗa. Na leƙa ɗaki na tarar da Inna tana tsince wake da ba ya bukatar tsinta. "Hmm," kawai ta ce, amma na ga ta kai bakin zane ido.

Da a ce washegari muka tashi, da yau ba ni da labarin da zan ba ka. Amma da yamma Yaya ya kira Gummi don ya yi albishir. Zubaida, 'yar Kawu da ke jinyarsa, ta kara masa wayar a kunne. Ina tsaye ina jin komai. Kawu ya yi tari, ya yi hamdala, ya sake yin tari, sannan ya yi tambayar da kowa ya san zai yi.

"Wace irin ƙahwa gare ta?"

Yaya ya sunkuya ya dubi tayoyin. Sun ɗan ci hanya, ba ƙarya. Rim ɗinsu, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, baƙi ne irin na kowa, an rufe shi da faifan roba, ɗaya faifan ma ya faɗi a hanya. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Ƙafa kam," ya ce, "sai ka gani da idonka, Kawu."

To daga nan aljanin ya shiga.

Kwana biyu bai yi maganar Gummi ba, kullum kansa a cikin waya yana duba hotunan motoci. Rana ta uku ya zo har inda nake tuya ya tura mini wayar a fuska.

"Dubi nan, Hannatu. Kin ga na baya? Sun fi na gaba faɗi. Haka ake yi yanzu. Na baya masu faɗi, na gaba su ɗan rage, rim farare masu hannuwa. Sai ki ga mota ta zauna, ta dafe ƙasa kamar ɗan kokawa."

Na ce, "Wato mutum ya sa takalmin babansa a ƙafa ɗaya, na ƙanensa a ɗaya?"

"Ke ƙuli kika sani."

"Ƙulin ma kai ɗaya nake yin sa. Yaya, titin Legas ne a hoton nan ko na Bukkuyum?"

Ko kallona bai yi ba. Da safe ya tuƙa motar zuwa Gusau wurin wani Junaidu mai shagon taya, wanda aka ce ba irin ƙafar da ba ya samowa. Ya dawo da la'asar motar na walƙiya, na bayan nan sun leƙo waje kamar kumatun mai ciwon haƙori. Yara suka bi ta da gudu. Ya aike ni in gaya wa Inna gobe tafiya.

Kafin rana ta faɗi na ji turmin Inna. Fura take dakawa, irin wadda Kawu ke so tun suna yara, mai citta da kanumfari da yawa. Da gwiwoyin nan nata ta tsaya ta kirɓa ta da kanta, ta hana ni taɓa taɓarya. Ta jera ta a ƙwarya ta rufe da faifai.

Da safe sai Yaya ya ce bari ya gwada motar da nauyi tukuna. Ya sa aka ɗora buhun gero biyu a kujerar baya, wai ɗaya Inna ce, ɗaya ni ce. Da na ga wanda ya nuna ya ce ni ce, wanda aka cika har ba ya ɗauruwa, na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Ya ja motar ya hau kwalbatin bakin kasuwa, sai muka ji ƙiiir! Ya dawo ya sake hawa, ƙiiir! Tayar baya ce ke gugar leɓen jikin motar da zarar nauyi ya danne ta. Ya sauko ya shafa wurin, baƙin roba ya biyo yatsansa.

"Ba zan sa Inna a motar da ke kuka ba," ya ce. "Kawu daga zaure zai ji wannan ƙarar."

Ya koma Gusau. Furar nan yaran maƙwabta suka sha ta.

Abin da ya biyo baya, ni kaina sai da na zama rabin makanike don jin bayani. Junaidu ya ce waɗancan rim ɗin sun cika fitowa waje, sai an samo masu ɗan shigewa ciki, kuma sai daga Kano. Yaya ya ce to a mayar masa da tsofaffin ƙafafunsa kafin nan. Ashe musaya suka yi, har an sayar da su tun a ranar. Haka aka ɗora motar a kan duwatsu a bayan shago, mai ita ya dawo gida a motar haya, abin da ya rantse ya raba Inna da shi. Na Kano suka iso, aka tarar ramukan notinsu ba su hau na motar ba. Aka mayar. Aka sake aikowa da wasu, rim ya yi daidai, sai kuma tayar da za ta hau na bayan ta yi tsayi, sai an nemo mai siririn gefe. Kullum in na tambaya, amsa ɗaya ce: jibi.

Kuma duk jibin da ya faɗa, sai na ji turmin Inna. Ba ta fasa ba ko sau ɗaya. Yaran unguwarmu har ƙiba suka yi a daminar nan.

Kullum kuma sai an kira Gummi. "Ya mai jiki?" "Da sauƙi." Haka Zubaida ke cewa, haka kowa ke cewa, haka aka koya mana. Amma ni mace ce, na san muryar mai jinya. Da farko Kawu na karɓar wayar ya yi zolaya, daga baya sai dai a kara masa ya ce "Madalla," daga baya kuma sai Zubaida ta ce yana barci. Ta taɓa gaya mini ya sa an mayar da shimfiɗarsa zaure, wai ɗaki ya yi masa zafi. Ni na san ba zafi ba ne. Daga zauren ana hango titi.

Ran kasuwa na ajiye tirena na same shi a rumfarsa ana auna wake.

"Yaya, Kawu fa ba shi da lafiya."

"Na yi magana da Zubaida ɗazu. Ta ce da sauƙi."

"Wa ka taɓa ji an ce ba sauƙi? Babanmu ma da safe da sauƙi aka ce, da azahar muna zaman makoki."

Ya ɗebi wake yana juyawa a tafin hannu. Can ya ce, "Inna ce ta aiko ki?"

"Inna za ta aiko ni in ce maka me? Ka taɓa jin ta roƙe ka ko allura?"

"To kin gani. Da abin ya yi tsanani, da ta yi magana."

Kai, ranar na ji kamar in kifa masa tiren ƙuli a ka. Na ce ya ari motar wani mana, ko ya yi shatar tasi. Sai ya ja ni gefe, ya rage murya, ya faɗa mini abin da ya kashe mini baki.

"Hannatu, ina yaro, kullum da asuba Kawu sai ya zagaya motarsa. Ya taɓa kowace taya, ya buga ta da ƙafa, in ta yi masa sai ya gyaɗa kai. Ni ina biye da shi riƙe da buta. Ya so in yi karatu, ban yi ba. Ya so in yi tuƙi, na gudu na kama awo. Ban taɓa kai masa wani abu ya zagaya ya gyaɗa kai ba. Wannan ɗaya nake so. Ki bar ni in kai masa ita yadda zai gyaɗa kai."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa bai sake ni ba. Na wuce wurin Inna da sauran zafina.

"Inna, ki shirya gobe mu shiga bas. Ni zan biya mazauni biyu ki miƙe ƙafa."

"Ya rantse gaban mutane," ta ce. "Ba ni zama sanadin kaffara tai."

"To in je in ce kin ce ya hanzarta?"

Ta ɗago ta harare ni. "Kul! Ni ban aike ki ba."

Ka ji fa. Ita tana jira ya gane, shi yana jira ta faɗa, na Gummi suna cewa da sauƙi. Kowa yana yi wa kowa kara, ni kaɗai ce marar kunya a dangi, kuma ba mai jin tawa.

Sai da gero ya fara fitar da kai sannan motar ta dawo. Zan faɗi gaskiya ko da ba na so: ta yi kyau. Ta yi kyau ƙwarai. Rim farare tas, robar da ke kansu siririya kamar an zizara kwalli, na baya sun cika wurinsu ba su leƙo ba. Aka sake ɗora ni da Inna, wato buhunan nan, aka hau kwalbati, shiru kake ji. Yaya ya fito yana dariya kamar yaron da aka saya wa kayan salla. Ya ce ranar Juma'a za mu tafi, bayan an wanke ta an goge.

Ba mu kai Juma'ar ba. Washegari da sassafe wayata ta yi ƙara, na ɗauka na ce, "Zubaida, ya mai jiki?"

Ba ta ce da sauƙi ba. Ta ce, "Ku taho yau."

Kafin hantsi mun shirya. Inna ta fito da mayafinta na zuwa biki, ƙwaryar fura a hannu, don ko a daren jiya sai da ta daka. Ta tsaya a jikin motar ta yi addu'a ta tofa, ta ce, "Allah shi tsare, Allah shi sa a kashe lahiya." Yaya ya buɗe mata ƙofa. Ni kuma na buɗe but ɗin bayan motar zan sa kayana, na ɗaga shimfiɗar ciki, na ga wani rami zagayayye, wayam. Na ce kai, masu ƙera motar nan sun san da mu, har da wurin ajiye ƙuli. Na zuba ledojina a ciki na rufe.

Mun fita gari lafiya, mun hau titin da ya taso daga Anka muka miƙi yamma. An yi ruwa da dare, duk ramukan hanya sun cika sun yi lumui, ba ka sanin mai zurfi da marar zurfi. Yaya yana ta kauce-kauce, yana sauri, yana leƙen Inna ta madubi. Ita kuwa tana rungume da ƙwarya tana kallon gonaki. Ban taɓa ganin ta zauna a mota ta miƙe ƙafa haka ba.

Ba mu kai garin Ɗaki Takwas ba muka gamu da wata babbar mota ta cinye hanya. Yaya ya kauce mata, ƙafar baya ta dama ta faɗa wani ramin. Gwaram! Sai da haƙorana suka haɗu. Motar ta ja gefe tana ɗingishi, ya samu ya tsayar da ita a gindin wata marke.

Muka fito ni da shi. Tayar ta tsage a gefe, tsagar da hannu zai shiga, bakin rim ɗin ya lanƙwashe. Robar da ba ta da kauri, ina za ta iya da ramin Zamfara?

"Ba komai," na ce, "ɗauko sifiya a canza."

Ya tsaya yana kallona. Sai a lokacin na gane ramin da na zuba ƙuli a ciki, mazaunin tayar ko-ta-kwana ne. Da ita aka yi musayar. Junaidu ya ce sabuwar tana hanya, Yaya kuma bai ga zai iya ƙara ko kwana ɗaya a Gusau ba.

Amma hanyarmu ba a barin mutum. Ba a jima ba wata bas ta tsaya, direbanta Makau, ɗan garinmu ne. Yana jin Inna ce a ciki kuma Gummi za mu dubiya, bai ko tambaya ba ya kwanto wata taya daga saman motarsa. "Ku sa wagga ta kai ku, in kun dawo ku aje min a tasha." Ya ɗauko sifanarsa ya durƙusa. Ya kai ta kan noti, ta ƙi shiga. Ya juya, ya sake kaiwa, ta ƙi. Notunan sababbin ƙafafun nan sirara ne, sun nutse cikin wasu 'yan ramuka, wai don kada ɓarawo ya kwance. Da nasu makullin suke zuwa.

"Ina abin kwance su?" in ji Makau.

Yaya ya zazzage motar nan kaf. Ya kira Junaidu. Ashe makullin yana can a kan teburin shago a Gusau, an manta ba a sa masa ba.

Fasinjojin Makau suka fara gunaguni. Ya leƙa ta taga ya ce, "Inna, ki taho in matsa miki wuri gaba." Inna ta dubi ƙwaryarta. Yaya ya yi wuf ya ce a'a, yanzu za a gama, ya aika a ɗauko mai faci. Makau ya bar mana tayar ya ja motarsa.

Duk motar da ta tsaya sai an gwada sifanarta. Mai faci ya iso a kan babur da buhun ƙarafa, ya gwada wannan, ya gwada wancan, ya ce sai dai a sare notunan, kuma sai an kira mai walda. Rana ta take. Inuwar marken ta janye ta bar motar a fili. Yaya ya cire babbar riga, ya kwanta a taɓo yana dukan ƙarfe da dutse, gumi na zuba, yana ta cewa, "Saura kaɗan. Saura kaɗan." Inna na ciki, ko ruwa ba ta nema ba.

Wayata ta sake ƙara. Zubaida ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kuna ina? Yana ta buɗe ido yana duban ƙofa."

Ban san Inna ta ji ba. Sai na ji an buɗe ƙofar mota. Ta sauko da ƙafa ɗaya, ta dafa, ta sauko da ɗayar. Ta tako har inda yake kwance, ta tsaya a kansa. Ba ta dube ni ba. Shi ta duba, ido cikin ido.

"Sufyanu."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Dutsen ya faɗi daga hannunsa. Ya ɗago yana kallonta baki buɗe, kamar bai san mai sunan ba.

"Sufyanu, ka sake ni in tahi in ga ɗan'uwana. Kaffarar rantsuwarka ni ka ciyarwa."

Ya tashi, taɓo har gira, ya fita tsakiyar titi ya tare 'yan kabu-kabu biyu. Da kansa ya ɗaga ta ya ɗora a bayan babur, matar da ya ce ta gama shiga ko bas. Ya gyara mata mayafi, ya miƙa mata ƙwaryar.

Na ce, "Yaya, tare na uku. Bar motar nan wurin mai faci mu tafi."

Ya dubi motar, ya dubi hanya. Idonsa ya yi ja. "Ku je. Mai walda na tafe. Yanzu zan biyo ku da ita. Ki ce masa ina tafe da ita."

Na buɗe baki zan zazzaga masa, sai na ga ba zai ji ba. Muka tafi muka bar shi tsaye.

Ana kiran azahar muka shiga Gummi. Sai da aka kama Inna aka sauko da ita, gwiwoyin sun ƙage, rabin furar ya zube a hanya. Kawu na kwance a zaure, fuskarsa wajen ƙofa. Ya rame har na kusa rashin gane shi. Inna ta zauna a gefensa ta kama hannunsa, ta ce, "Labbo, ga ni." Ya daɗe yana kallonta, sannan leɓensa ya motsa. Suka yafi juna. Zubaida ta dama furar ta ɗiga masa a baki da ludayi, ya haɗiye kaɗan, ya lumshe ido.

Can ya buɗe, ya dubi bayanmu, ya dubi ƙofa.

"Ina yaron?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ni na matsa na ce, "Yana tafe, Kawu. Taya ce ta fashe masa a hanya, yana canzawa."

Sai na ga kamar murmushi a fuskarsa. Ya yi magana a hankali, sai da na kai kunne bakinsa na ji. Na ce to, zan faɗa masa.

Kafin la'asar ya cika. Ka san ba a ajiye gawa, ga hadari ya haɗo, ga masu komawa ƙauyuka suna tsoron yamma ta yi musu a hanya. Na kira Yaya ya fi a ƙirga, wayarsa ta mutu. Aka yi masa sutura, aka sallace shi bayan la'asar, aka tafi da shi.

Maza na dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa, sai ga motar ta shawo kwana. Ƙafa uku farare suna walƙiya, ta huɗun baƙar tayar Makau. Yaya ya tsaya daidai ƙofar zaure, daidai inda mai kwance a ciki zai gan ta sosai. Ya fito da sauri yana gyara hula. Sai ya ga tabarmi a waje, ya ga mutane sun zazzauna, ya ga shimfiɗar zauren an naɗe. Wani dattijo ya miƙa masa hannu ya ce, "Sai haƙuri."

Yaya ya shigo cikin gida kamar mai tafiya a ruwa, ya durƙusa a gaban Inna. Ina tsammanin jira yake ta sake kiran sunan, ko da zagi ne zai biyo baya. Ta juya fuska wajen bango.

"Hannatu," ta ce, "a ba yaron Labbo ruwa shi sha. A sa wani shi nuna mai wurin."

Daga ranar har yau ba ta ƙara faɗin sunan ba. Ta ciyar da kaffarar kamar yadda ta ce, da geron rumbunta, ta hana shi sa ko tiya ɗaya.

Na bi shi waje da kofin ruwan. Na same shi tsugune a jikin motar, ya dafa farar ƙafar nan ta baya da ta rage. Duk faɗan da na tanada tun daga gindin marke, na neme shi na rasa. Na so in riƙe saƙon, amma amana ce, kuma shi ya fara tambaya.

"Ya yi maganata?"

"Ya yi."

"Me ya ce?"

"Na ce masa taya kake canzawa. Sai ya ce in gaya maka kada ka yi gaggawa. Ya ce ka ɗaure noti da kyau, shi yana nan yana jiranka."

Yaya ya karɓi kofin ya riƙe, bai sha ba. Yaran unguwar sun riga sun kewaye motar, suna shafa rim ɗin suna leƙa fuskokinsu a ciki, wani yana ce wa wani bai taɓa ganin ƙafar mota mai kyan wannan ba.